Abin da Ya Sauke Ni Daga Tsani

Ni mai fenti ne, kuma tun ina saurayi nake hawa tsani. Rabin gidajen unguwarmu akwai hannuna a jikinsu, har da benen nan na bakin kasuwa da kowa ke cewa launinsa ya cika ihu. Mai gidan ne ya zaɓi launin, ni shafawa kawai na yi. Shekaru sun ja, kaina ya yi fari fat ba da taimakon bokiti ba, amma har bara ina hawa da burushi a haƙori da gwangwani a hannu ɗaya, in bar samari a ƙasa suna riƙe da baki.

Sai ƙafafuna suka fara yi mini gardama. Ba ciwo ba ne, don da ciwo ne da na san inda zan nuna wa likita. Wani irin saki ne da nauyi a haɗe. In na zauna a kujerar falo, kafin in miƙe sai na dafa gwiwa, na dafa hannun kujera, na dafa bango. 'Yar matakalar ƙofar gida, wadda ni na zuba simintinta da hannuna, ta zama abin da sai na tsaya na yi shawara kafin in taka. Gwiwoyina suka yi laushi kamar burushin da ya kwana a ruwa. Ga gyangyaɗi da hantsi, ni da ban taɓa sanin barcin rana ba. Abin da nake so ɗaya ne tak, a gano mini abin da ya kama ƙafafun nan, a cire shi, in koma kan tsanina.

Amma bari in ɗan koma baya, don abin yana da mafari. Watanni kaɗan kafin wannan, muna fentin wani ɗakin ajiyar kaya, tsani ya zame daga ƙarƙashina. Na cafki ƙarfen taga na yi ta reto har Dogo ya mayar da shi. Dogo yarona ne a da, yanzu abokin aiki, shi ma furfura ta fara leƙo masa. Ko ƙwarzane ban yi ba. Da na dawo gida na ba da labarin ina dariya, har da kwaikwayon yadda Dogo ya riƙa salati yana zagaye wuri ɗaya. Inna ba ta yi dariya ba. Inna matata ce, haka yara suka tashi suna kiranta, ni ma na bi sahu tun tuni. Daga ranar barci ya ƙaurace mata, sai da babban ɗanmu, wanda muke ce wa Babba, ya kai ta asibiti aka ba ta magani.

A ƙarshen makon suka yi mini taro a falo, ita da Babba da Auta, 'yarmu ta ƙarshe, wadda a lokacin take da ciki. Wai in ajiye tsani, su za su ɗauki nauyin komai. Babba ya yi magana irin tasu ta ofis, da na ɗaya da na biyu. Auta ta yi kuka. Na bari har suka gama, sannan na bugi cinyoyina.

"Ranar da waɗannan suka ce sun gaji, ranar zan sauka," na ce. "Kafin nan, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru."

Na tashi na bar musu falon. Ina da zuciya, ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

To, ba a daɗe ba sai ga shi sun ce sun gaji, kuma ba wanda ya yi mini gori. Wannan ya ƙara mini ƙaunarsu. Inna ta ɗaura ɗamarar kai ni asibiti. Ita ke riƙe mini gwiwar hannu a hanya, ita ke bin layin kati, ita ke amsa wa likita tambaya tun kafin in buɗe baki. Nakan ce mata ko ita ce marar lafiyar, ta ce ai ni sai na gama labarin duniya kafin in zo kan batu. Gaskiyarta ce.

Ba irin gwajin da ba a yi mini ba. An auna sukari, an auna hawan jini, wanda dama ina shan ƙwayarsa shekara da shekaru. An ɗauki hoton bayana. An tura ni cikin wata na'ura mai kama da bututu, mai ƙara kamar ana fasa kankare, aka ce in kwanta kar in motsa, ni kuwa na yi barcina a ciki. An ƙwanƙwasa mini gwiwa da 'yar gudumar roba, an soka mini ƙananan allurai a sangali ana kallon allon kwamfuta. Wani likita ya ce ƙashin bayana ya ɗan ci, amma ba cin da zai kayar da mutum ba. Wani ya rubuta allurar ƙarin jini. Wani ya tura ni wurin masu gashin ƙashi, inda wani ƙato ya sa ni ɗaga ƙafa da buhun yashi har na kusa zaginsa. In duk sun rasa abin faɗa, sai su ce, Baba, ai shekaru ne. Na ce shekarun nan da su nake hawa bene bara, ba a dare ɗaya suka sauko mini ba.

Ranar da ta fi kowace muni ita ce ranar banɗaki. Na shiga wanka da hantsi, na sa sakata kamar yadda na saba, ƙafafun suka tafi suka bar ni. Na faɗi tsakanin bokiti da bango, na kasa tashi. Sai da aka kira Babba daga wurin aiki ya ɓalle ƙofar. Ɗan da na haifa ya ciccibo ni tsirara, da sabulu a jikina, ya kai ni gado. Bayan ya fita na yi kukan da ban yi ba ko ranar da mahaifiyata ta rasu. Na kama hannun Inna na roƙe ta gafara, na ce na zame mata kaya a lokacin da ya kamata ta huta. Ta share mini fuska da bakin mayafinta, ita ma tana hawaye, ta ce haba Malam, wane irin kaya.

A makon nan na kira Dogo na danƙa masa ayyukan da ke hannuna. Ya ce riƙo zai yi mini, kuma mai benen bakin kasuwa ya rantse ba wanda zai sabunta masa fenti sai ni, ko da zai jira shekara.

Da Auta ta haihu, Inna ta koma gidan Autar a ɗaya gefen gari don ta kula da ita. Na ɗauka zan sha wahala, amma sai ga Babba kullum da sassafe, da rigar ofis da komai, yana shiga kicin yana haɗa mini shayi. Yaron da ko ruwa bai taɓa tafasawa ba. Ba ya tafiya sai ya ga na shanye. Na yi ta yi wa Dogo alfahari, ina cewa wanda ya haifi ɗa irin wannan bai yi asara ba. Dogo ya ce wallahi kuwa, nasa ko gaisuwa sai ya roƙa.

Bayan 'yan makonni Inna ta dawo gida. Likitar ƙarshe da aka tura mu wurinta ta ɓangaren jijiyoyi ce, 'yar siririya mai tabarau, ba za ta girmi Auta da yawa ba. Ba ta da sauri, har takan ba mutum haushi. Zuwanmu na farko an ce in zo ban ci komai ba saboda za a ɗebi jini. Ta sa ni tafiya a baranda, in je in dawo, in juya, in tashi daga kujera hannuwana a ƙirji. Ƙafafun nan da suka hana ni sakat sai suka tashi kunyata ni. Ba wai sun warke ba, amma sun yi abin da aka ce, da ɗan rangaji kawai. Dama haka suke yi mini duk ranar gwajin jini, su mayar da ni kamar mai ƙarya a gaban likita. Na ce mata ta yarda da ni, a gida ba haka nake ba. Ta ce ta yarda, ta rubuta wani abu.

Zuwa na biyu ba gwajin jini, don haka na karya kafin mu fito. Da ƙyar Inna ta shigar da ni ofishin. Harshena ma ya yi nauyi. Likitar ta sa ni irin tafiyar rannan, na yi taku kaɗan na rungumi bango. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta tambaya mene ne bambancin yau da wancan zuwan. Inna ta yi caraf ta ce ai haka abin yake, yau da sauƙi gobe babu. Likitar ta gyaɗa kai, ta roƙi Inna ta taimaka ta je can ƙarshen baranda ta sa a kawo keken marasa lafiya, don ba za ta bar ni in taka zuwa bakin titi ba.

Da ƙofa ta rufu ta jawo kujerarta kusa da ni. Ta tambayi duk abin da nake haɗiya, na asibiti da wanda ba na asibiti ba. Na zaro ƙwayar hawan jinina daga aljihu na nuna mata. Ta tambaya ko ina shan giya, na ce ta dubi furfurata. Ta ce ba ta nufin raini, kowa take tambaya. Ta tambaya ko ina shan wani abu don barci, na ce ni da barci ke neman kashewa? Sai ta tambayi lokacin da na fi jin ƙarfi a yini. Ban taɓa tunanin abin ba sai a lokacin. Na ce da asuba, kafin in karya, nakan je banɗaki in dawo ba tare da na taɓa bango ba. Da hantsi kuwa sai a hankali. Ta ba ni 'yar kwalba ta ce in ba ta fitsari yanzu, kafin a kawo keken. Ta karɓi lambar wayata, ta ce tawa take so, ba ta wani ba.

Bayan kwanaki ta kira, ta ce in zo, kuma in zo da wanda na ga dama. Yadda ta faɗi hakan ya tsaya mini a rai. Na ce wa Inna Dogo zai kai ni in ga wani aiki da ya rikice masa.

Likitar ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce an samu maganin barci a jikina, irin mai sakin jiki, kuma ba kaɗan ba. Ta ce a jikin tsoho ba ya fita da wuri, taruwa yake yi, ya kashe gwiwa, ya kawo jiri da faɗuwa. Ta ce ta sa an duba ƙwayar hawan jinina ko an yi kuskure a kantin magani, an ga daidai take. Bayana lafiya, jijiyoyina lafiya, ƙafafuna ba abin da ya same su.

Wani daɗi ya fara taso mini, don abin da na yi watanni ina jira in ji ke nan. Bai kai ko'ina ba ta yi tambayarta.

"Baba, wa ke haɗa maka abin karyawa?"

Na miƙe, ko in ce na yi ƙoƙarin miƙewa. Na ce mata ta iya bakinta, matar da take nufi ta haifi wanda ya girme ta. Na ce na'urarsu ce ta lalace. Ta bar ni na gama, sannan ta ce Allah ya sa haka ne, amma don Allah ko me na gano, kar in yanke shawarar komai a kan maganin sai na dawo wurinta. Dogo ya mayar da ni gida, duk hanya yana tambaya me aka ce, ina ce masa shekaru ne.

Washegari na riga kowa tashi. Maimakon kujerar falo, na zauna a kan bencin da ke lungun baranda, inda in ƙofar kicin tana buɗe ana hango teburin ciki ta gilashin kabad. Inna ta fito, ba ta lura da ni ba. Ta ɗora ruwa, ta yanka burodi. Sai na ji wannan 'yar ƙarar, ƙurus ƙurus, ta bayan cokali a kan faranti. Watanni ina jin ta daga falo kowace safiya, ina cewa sukari ne ya dunƙule take murƙushewa. Na ga ta buɗe gwangwanin da take ajiye maɓallai da zare, na ga abin da ta ciro, na ga farin garin ya gangara cikin kofina, babban nan mai hannu da ba mai taɓa shi sai ni. Ta ƙara sukari cokali guda, ta juya sosai. Hannunta ko rawa bai yi ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, yadda ta saba.

Ta fito da kofin a hannu biyu, ta gan ni a benci, ta ɗan tsaya. Sannan ta ƙaraso ta miƙo mini, ta ce in sha da zafinsa.

"Ke sha," na ce.

Ta dubi kofin, ta dube ni. Ta ajiye shi a ƙasa a hankali, ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Na zaci za ta yi musu, ko ta faɗi tana kuka. Da ta yi haka da na samu abin yi da fushina. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Kai ka faɗa, Malam," ta ce. "Ka ce sai ranar da suka gaji. Na roƙe ka, yara sun roƙe ka. Da aka ba ni maganin nan na ji yadda ya kashe mini gwiwa, sai na ce to."

Na ce ashe duk layin katin nan, duk riƙe mini hannun nan, duk allurar da aka soka mini tana zaune tana kallo, ta san amsar tana cikin gwangwanin maɓallai. Ta ce ta sani. Ta ce kullum sai ta yi niyyar dainawa, sai ta tuna ni ina reto a jikin taga. Ta ce gara ta ɗaga ni daga kujera har ƙarshen ranta da a kawo mata ni a bayan mota an rufe da zane.

"Ranar da na faɗi a banɗaki," na ce, "ranar da na roƙe ki gafara. Washegari kin sa?"



"Na rage," ta ce. "Rabi na sa."

Shekara arba'in da wani abu muna tare da matar nan. Na zauna ina kallon kofin a ƙasa, wata 'yar fata ta fara kwanciya a saman shayin. Can sai Babba ya faɗo mini a rai, da rigar ofis, tsaye a kaina sai na shanye. Na tambaye ta wa ke sayo mata, tunda nata ya isa ya ƙare tuntuni. Ta sunkuyar da kai, ni ma ban sake tambaya ba.

Na so in yi jifa da gwangwanin a masai a wuce wurin, amma na tuna gargaɗin likita. Da na koma wurin likitar, na fara da ba ta haƙuri. Ta ce ba komai. Sannan ta gaya mini abin da ban taɓa zato ba, wai ba zan daina shan maganin nan take ba. Jikina ya saba da shi, in aka yanke lokaci ɗaya zai iya jawo mini jijjiga, har abin ya fi na da muni. Sai dai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, makonni da dama. Kuma ba za ta san daga inda za ta fara ba sai ta san nawa ake ba ni. Mutum ɗaya ne ya san wannan.

Haka na koma na zauna a ofishin nan, Inna a kujerar gefena kamar kullum, tana amsa tambaya kamar kullum. Sai dai yau gaskiya take faɗa. Ta faɗi lokacin da ta fara, da lokacin da ta ƙara saboda na soma maganar komawa aiki, da lokacin da ta rage. Ba ta manta komai ba. Likitar ta yi mata magana mai zafi cikin sanyin murya, ta ce da faɗuwar banɗakin ta zo da ƙarar kwana, da tsanin da ake gudu bai yi komai ba an gama. Bayan Inna ta fita ta tambaye ni ko ina so a kai maganar gaba, don doka ta ba ni dama. Na ce wa zan kai, uwar 'ya'yana? Ta tambaya ko akwai inda zan zauna hankalina kwance har a gama ragewar. Na ce akwai, ina da Auta.

Babba ya zo da yamma ina haɗa kaya. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, Baba, don kai muka yi. Na ce masa ya tashi kar ya ɓata wandon ofis. Na ce abu ɗaya nake so ya sani, na yi alfahari da shayinsa a gaban mutane. Ya ɗauki jakata zai kai mota, na ce ya ajiye, Dogo na zuwa.

Gidan su Auta a hawa na biyu yake, a wani dogon bene mai fentin da ko almajirin Dogo ba zai yi ba. Mijinta mutumin kirki ne, direban babbar mota, ba ya cika zama. Ta gyara mini ɗakin baƙi, ta sa mini kujera a bakin taga. Ranar da na zo ta rungume ni ta yi ta kuka, ni kuma na ce ta yi shiru, ai ita ba ruwanta.

Makonnin nan ban ji daɗinsu ba. Kowace safiya ni da hannuna nake ɗaukar abin da ya kayar da ni in kai bakina. Barcin da ya addabe ni ya gudu gaba ɗaya, hannuna ya riƙa karkarwa, gumi ya riƙa karyo mini ba dalili, abu kaɗan in hau faɗa. Auta ta jure. Ga jariri a kafaɗa, ga ni. Ita ke raba mini ƙwayar da wuƙa yadda likita ta tsara, daga ɗaya zuwa rabi, daga rabi zuwa rabin rabi. Ni kuma kullum in zaunar da ita in zazzage mata cikina a kan uwarta da yayanta. In ce mata da ba don ita ba, da ban san inda zan sa kaina ba. Takan ci gaba da jijjiga yaron. Inna tana kiran wayarta kullum, nakan ji ta shiga ɗaki tana amsawa ƙasa-ƙasa, ban hana ba, uwarta ce.

Ƙafafun kuwa suka fara dawowa, kamar yadda likita ta ce. Da farko na tashi daga kujera ban dafa komai ba, sai da na zauna na lura. Daga nan na fara zagaya baranda. Daga nan na fara sauka ƙasa ina riƙe da ƙarfen matakala, in sayo burodi in dawo.

Wata safiya na sauka, na tsaya a ƙasan benen na dubi matakalar, na zuba hannuwana a aljihu na hau. Ban tsaya a hawa na biyu ba, na wuce har saman rufin inda tankunan ruwa suke, na sauko, ko haki ban yi sosai ba. Na shiga gidan ina dariya kamar yaro. Auta tana tsaye a bakin teburin kicin, ta ɗora 'yar ƙwayar a faranti tana saita wuƙa. Na ce mata ta taya ni murna, yau zan kira Dogo ya gaya wa mai benen bakin kasuwa ya sayi fentinsa, farkon mako ina kan tsani.

Ta ajiye wuƙar. Ba ta juyo ba.

"Baba, don Allah," ta ce.

Na ce don Allah me, ai ta ga dai lafiyata ƙalau, dama can ƙalau nake, mutane ne suka sa ni a kujera. Na fara jero abin da na saba jerowa a kan Inna. Sai ta juyo, idanunta a bushe.

"Ka daina ɗora wa Inna ita kaɗai. Ni na kawo shawarar. Da ta gaya mini yadda maganin ke yi mata, ni na ce a gwada a kanka. Ta ƙi, ta yi ta kuka, sai da na yi kwana da kwanaki ina lallashinta. Yaya ma ni na shawo kansa."

Na tsaya ina kallonta. Yarinyar nan a kafaɗata ta koyi sunayen launuka. Na ce ashe duk zaman nan da nake yi ina gaya mata ita kaɗai ta rage mini, tana ji.

"Ina ji, Baba. Na so in faɗa, na ga ba ka da inda za ka." Ta share hannunta a zane. "Na yi nadamar banɗakin. Sauran ban yi ba. Ina so ɗana ya san kakansa."

Ta ɗauki wuƙar ta raba ƙwayar, tsaf, ba ko ɓarɓashi. Ta zuba ruwa a kofi ta turo mini su tare. Likita ta ce ko sau ɗaya kar in tsallake. Na ɗauki gutsuren na haɗiye shi haka nan a bushe, ya kankare mini maƙogwaro, na bar mata ruwanta a kan tebur.

Ban ɗauki jaka ba. Na sauka matakalar, na fita ƙofar benen, na bi titi. Ƙafafuna suna ta tafiya abinsu, garau, ba rangaji, ba nauyi, irin tafiyar da na yi watanni ina roƙon Allah ya dawo mini da ita. Na wuce mai burodi, na wuce gidan mai, na kai babbar mahaɗa inda motoci ke tsayawa. Wani mai tasi ya rage gudu ya leƙo ta taga.

"Baba, ina zuwa?"

Na buɗe baki, na rasa gidan da zan ce masa. Ya ɗan jira, na baya suka dame shi da ham, ya ja motarsa ya tafi.